Ja, Jawur, Jazur

Ja na cikin gajerun kalmomin Hausa, gaɓa ɗaya tak, amma babu sunan launin da ya kai ta faɗin fili. Jini ja ne, garwashi ja ne, barkono ja ne. Akuyar Sakkwato, wadda gashinta ya fi kusa da ruwan ƙasa, ita ma ja ce. Manja, da kan koma ruwan lemo in an shafa shi a farin kwano, ja ne. Goron da ya karkata zuwa ruwan hoda ja ne, mutum mai hasken fata ma ja ne. Mangwaro in ya nuna sai a ce ya yi ja, ko da ɓawonsa rawaya ne. Saboda wannan faɗi, kalmar ita kaɗai ba ta isa ta nuna jan nan mai haske, mai ɗaukar ido, irin na jinin da ya fito yanzu ko na tattasai a kan tire. In shi ake nufi, sai an ɗora mata wata 'yar kalma a baya, a ce ja wur ko ja zur. Bakin mutane ya haɗe su suka zama jawur da jazur, a wasu wuraren jazir ko jajir. In kuma abin ya kai maƙura sai a ninka gaɓar farko, a ce jajawur ko jajazur.

Masana nahawun Hausa suna kiran irin waɗannan 'yan kalmomi amsa-kama. Aikinsu su ƙarfafa kalmar da suka biyo, kuma kowace da abokin tafiyarta, ba a musanya su. Fari yakan zo da fat, ko tas, ko sol. Baƙi yakan zo da ƙirin, ko wuluk, ko siɗik. Kore kuwa shar. Ba a cewa baƙi wur, ba a cewa ja ƙirin, kuma ƙaramin yaro ma zai gyara wa baƙon da ya faɗi haka. Ƙirarsu ma daban take. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, su kuwa waɗannan a datse suke, kuma muryar mai magana takan hau sama a kansu fiye da sauran jimlar. Shi ya sa in aka ce "ƙarfen ya yi ja wur", mai sauraro yakan ji zafin kafin ya gama fahimtar maganar. Wur da zur ba su da wata ma'ana ta launi in an raba su da ja. Zur ɗin da ke cikin shaidar zur kuwa wata kalma ce dabam, daga Larabci aka aro ta, ma'anarta ƙarya, sauti ne kawai ya zo ɗaya. Akwai kuma hanyar rage wa launin ƙarfi. Abin da ya ɗan sirka da ja, bai kai ba, shi ne jaja-jaja, kamar yadda ake cewa fari-fari ko baƙi-baƙi.

Launuka uku ne suka fi kowanne kafuwa a harshen: fari, baƙi da ja. Da yawa cikin sauran aron suna suka yi. Rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Shuɗi ɗan'uwan shuni ne. Sai kuma dogon jerin masu "ruwan": ruwan toka, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan makuba, ruwan zuma. A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka wallafa nazarin sunayen launi a harsuna kusan 100, inda suka ce harshen da ke da sunaye biyu kacal to na haske ne da na duhu, in kuwa akwai na uku, ja ne. An yi ta muhawara kan sauran matakan da suka tsara, amma wannan gaɓa ta dace da abin da ake gani a Hausa. Tun kafin ruwan lemo da ruwan hoda su samu suna, ja ce ke riƙe da duk abin da ba fari ba, ba baƙi ba, mai ɗumi a ido. Har yau ba ta saki wannan tsohon fili gaba ɗaya ba.

Ta fuskar jinsi ma tana da halinta. Fari yana da fara, baƙi yana da baƙa, amma ja ɗaya ce ga namiji da mace. Sai wajen haɗa ta da suna ake gane jinsin: jan zane, jar riga, jan doki, jar goɗiya. Jam'inta jajaye. Tana kuma da takwara, wato aikatau ja, na jan guga da jan akala, kuma rubutun boko bai raba su ba. Kunne ne ke raba su. Jan da ke cikin "jan zakara" sautinsa a sama yake tsaye, wanda ke cikin "jan igiya" kuwa daga sama yake faɗowa. Jan hankali, jan ƙafa, jan ragama, ja-in-ja, duk na janyewa ne, babu ruwansu da launi. Jan kunne kuwa ya ci gida biyu. In uba ya yi wa ɗansa jan kunne, gargaɗi ne. Amma mutanen da, sa'ad da suke kiran Turawa masu jan kunne, launin kunnen da rana ta gasa suke nufi. Akwai gwaji mai sauƙi in sunan na mace ne: jar akuya launi ne, jan akuya kuwa aikin mai riƙe da igiya ne.

Ba a ko'ina wannan gwaji ke aiki ba, kuma Ashige na cikin wuraren da ba ya aiki. Gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa, gabas da birnin, a kan hanyar da ta bi ta Asakiyo ta nufi Shendam. Yankin na mutane ne masu harsuna da yawa: Migili, Eggon, Alago, Gwandara, Tibi, Fulani, da zuriyar Barebarin da suka kafa sarautar Lafiya. Kowa da harshensa a gida, amma Hausa ce ta kasuwa da tasha da asibiti. Hausar wannan shiyya sau da yawa ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, don haka jan mota, jan riga da jan miya su ne a bakin mutane da yawa, inda Bakano zai ce jar mota, jar riga, jar miya. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan a matsayin lalacewar harshe. Hausar Zariya da ta Bauci ma sun sassauta wannan doka, kuma mai saye da mai sayarwa ba su taɓa rikicewa ba, don abin da ake magana a kai yana gabansu.

A kasuwar irin wannan gari ne ake ganin faɗin kalmar ido da ido. Jar masara rawaya ce. Jar albasa ta fi kusa da shunayya. Jan wake ruwan ƙasa ne. Jar dawa, wadda ake kunu da ita, wasu kuma su yi burkutu, duhu gare ta. Jar kanwa, da makiyaya ke nema wa dabbobinsu, jaja-jaja ce kawai. A duk waɗannan aikin ja shi ne ta raba iri biyu na abu ɗaya, farin da wanda ba fari ba. Ba wanda zai ce masara ta yi jawur. Jawur sai an isa rumfar masu kayan miya, inda tumatir da tattasai da attarugu ke jere kashi-kashi, ko inda aka shanya barkono a kan buhu a bakin titi, ko wurin yarinya mai zoɓo a cikin robobi masu raɓar sanyi. Zoɓon nan, wanda furen jar yakuwa ne aka busar, ya wuce abin sha na ƙauye. Daga Jigawa da Kano ana fitar da shi har ƙasar Meziko, kuma jansa na cikin abin da masu saye ke dubawa.

Manja ya fi kowane kaya cancantar a tsaya a kansa, don sunansa ma kalmar ce: man ja, wato mai ja, don a raba shi da man gyaɗa da man shanu da man kaɗanya. A can Arewa baƙo ne da ke zuwa cikin jarka daga Kudu, amma a kudancin Nasarawa kwakwar manja tana fitowa a bakin rafuka, kuma mata sun san tatsar ta. Mai saye ba ta yarda da kallo daga nesa. Takan tsoma yatsa a bakin kwalba, ta shafa a bayan hannu, ta duba a rana, sannan ta kai harshe. In ta ga abin da bai kwanta mata ba sai ta ce, "Mama, jan nan ai ya yi yawa." Mai kaya ta ce, "Ɗanɗana ki ji, 'yata, jiya aka tatse shi." Shakkar tana da dalili. Manja na gaskiya jansa na sinadarin da ke cikin 'ya'yan kwakwar ne, irin wanda ke ba karas launinsa, kuma in ya sha wuta sosai yakan kwashe ya koma fari-fari. Da wasu marasa tsoron Allah suka gane cewa ja ke sayar da manja, sai suka shiga zuba masa rini, har hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Don haka manjan da ya yi jazur fiye da kima, wanda ke barin tabon da sabulu ba ya fitarwa a yatsa, abin gudu ne. Wannan na cikin wurare ƙalilan da jawur ke zama aibi ga kayan abinci.

Ƙasar da ake takawa ma ta ba kalmar aiki. Jar ƙasa ita ce ta gini da ta cikon hanya, kuma ƙarfen da ke cikinta ne ya yi tsatsa ya ba ta launin. Da rani, wanda ya hau babur daga ƙauyukan da ke kewaye da Ashige yakan iso da gira da gashin ido jajaye, farar riga kuwa sai dai haƙuri. Manoma suna da sunan ƙasa mai ja da tauri, jangargari, kuma akwai gari mai wannan suna a ƙaramar hukumar Awe ta jihar. Sunayen wurare irin wannan suna da yawa. Unguwar Janbulo a Kano daga jan bulon da aka yi gidajenta ta samo suna. Asibitin mishan na Jos, wanda yanzu asibitin koyarwa ne na Jami'ar Bingham, har yau Jankwano mutane ke ce masa, saboda launin rufinsa. Hukuma takan raɗa suna a takarda, jama'a kuma su kira wuri da abin da ido ya fara gani.

A jikin mutum kalmar ta fi laushi. Jariri kan zo duniya jawur, kuma tsofaffin mata sukan juya kunnensa su duba gefensa, don sun ce launin da ke nan shi ne wanda zai tsaya a kai in ya girma. Wanda ya tsaya da haske shi ne jan mutum, mace kuma jar mace, tsakaninsu da baƙi akwai wankan tarwaɗa. Sunan Jatau, wanda ya bazu har cikin al'ummomin Nasarawa da kudancin Kaduna, laƙabin mai hasken fata ne. Akwai kacici-kacicin yara da ke cewa ja ya faɗo, ja ya ɗauka, amsarsa ɗan giginya da Bafulatani, daga baya kuma ya zama abin da ake faɗa in abu biyu sun dace da juna. Larabawa da Turawa a da jajayen fata ne a bakin Bahaushe. "Farar fata" da ake ji yau a rediyo ta fi yaɗuwa ne a baya-bayan nan, kuma in aka bi ta ido, tsohuwar kalmar ta fi gaskiya. Abin takaici shi ne yadda son hasken fata ya kai 'yan mata da yawa, har da samari, ga man bilicin. Mutanen gari suna da maganar da suke yi wa wadda man ya ƙona: ba sa cewa ta yi fari, sai su ce ta yi jawur. A nan amsa-kamar ba yabo ba ce, tana nuna fatar da aka ɗaye wa kariya.

Kwalliyar gargajiya kuwa ja take nema da gangan. Lalle ja ne tun asali, kuma amarya ba ta cika sai da shi. Ba a buƙaci a ce "jan lalle" ba sai da baƙin lalle ya shigo. Matan da sukan goga fure, wato furen taba, a haƙora tare da goro har su rine, kuma ana ganin haka ado ne. Jan baki na kanti ya zo daga baya ya samu suna a shirye. Maƙwabta Tibi sun daɗe da shafa garin jan itace a jiki lokutan biki, itacen da Hausawa ke kira majigi.

Dabbobi ma sun samu rabonsu: jan biri, jan gwada mai gyaɗa kai a kan katanga, da jajayen shanun Rahaji masu dogayen ƙaho. Amma wadda ta kai sunan ja nesa ita ce jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi. Fatarta mai laushi da ƙarko ita majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su rina ta da karan dafi, wata irin dawa da ba don hatsinta ake shuka ta ba, sai don jan da ke cikin kuben ganyenta. A da ayari kan ɗauki fatun ya ƙetare Sahara da su, kuma da yake ta tashoshin Arewacin Afirka suke shiga Turai, sai Turawa suka san da yawansu da sunan fatar Maroko. Da su aka yi bangon littattafai masu tsada a Ingila. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ba da labarin cinikin takalma da jemammun fatu na birnin. Ya kuma ambaci abin da ke tahowa ta ɗaya ɓangaren, wato alharini, ragowar siliki da aka rina ake kawowa ta Tarabulus, wanda masaƙa da masu ɗinkin riguna ke ƙawata aikinsu da shi. Tare da shi akwai mulufi, jan yadi na ulu, da murjani na wuyan mata. Rini mai ja sosai, wanda ba ya kwashewa, abu ne mai wuyar samu kafin zuwan rinin kanti. Shuni yana ko'ina, marina na kowane gari, amma ja mai haske sai mai hali.

Daga nan aka samu dangantakar ja da sarauta. Sirdi da kayan doki da alkyabba sun sha mulufi. Dogari kuwa ba ya ɓacewa a taro: jan rawani, riga mai ja da kore, a fadar Kano ko Katsina ko Lafiya. An zaɓar masa launin da za a hango daga nesa a buɗe hanya. Jar dara, wadda ta zo daga Arewacin Afirka, ta zama hular manya, daga baya Turawan mulkin mallaka suka sa ta a kan sojojinsu na Afirka ta Yamma. A siyasar zamani jar hula ta zama suna sukutum. Magoya bayan Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, da ita ake gane su, kuma suna danganta ta da Malam Aminu Kano. A Kano yau in aka ce wane ɗan jar hula ne, ba a buƙatar ƙarin bayani. Abin lura shi ne launin da fada ta riƙe don kwarjini shi ne kuma masu kiran kansu 'yan gwagwarmayar talakawa suka ɗauka. Ja ba ta zaɓi ɓangare ba, kowa ya ɗauke ta don a gan shi.

A zauren malamai aikinta ya fi natsuwa. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a Barno ko Kano, irin wanda gidajen Barebarin Lafiya suka gada, baƙaƙensa da baƙar tawada ake yi, wasulan kuma da ja, sannan a ɗiga hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. Alaramma yakan gama shafi da baƙi tukuna, ya bari ya bushe, sannan ya sake alƙalami ya bi shi da ja, wasali bayan wasali. Ba ado ba ne kawai. Jan yana raba asalin rubutu da abin da aka ƙara don taimakon mai karatu, ido kuma ba ya haɗa su. A littattafan fiƙihu ma da ja ake rubuta kan babi da fasali. Lokacin salla ma yana da nasa ja: a mazhabar Malikiyya lokacin Lisha yana shiga ne in jan shafaƙi ya ɓace daga yamma, don haka ladanin ƙauye tun kafin agogo ya san wannan launi sarai. Ɗalibai kuma sun saba jin jajayen raƙuma a hadisi, a matsayin dukiyar da Larabawa suka fi ƙauna. A ɗaya gefen, 'yan bori da bokaye suna da nasu lissafin, inda launin dabbar yanka ke da muhimmanci, kuma jan zakara da jan bunsuru na cikin abin da aka fi ambata. Shi ya sa har yau wanda ya shiga kasuwa ya nace sai jan zakara, ba fari ba, ba wake-wake ba, yakan sha kallo.

Inda kalmar ta fi nuna asalin halinta shi ne inda babu launi ko kaɗan. Fari da baƙi sun raba duniyar zuci tsakaninsu: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Har aikatau suka haifa, ana faranta rai, ana baƙanta shi. Ja ba ta shiga wannan rabo ba. Babu jan ciki a cikin halayen zuciya, jan ciki tafiyar maciji ce. Jajanta kuma ba 'yar ja ba ce, daga jaje ta fito. Abin da ja ke yi dabam ne. Jan aiki shi ne aikin da zai ci ƙarfi da lokaci, kamar tada kunyar doya a gona mai faɗi kafin ruwa ya kankama. Jan hali shi ne na wanda ya tsaya inda wasu suka gudu. Jan gwarzo, jan namiji, jan wuya, duk kirarin wanda ba a tanƙwara shi ne. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke cewa abin mai kyau ne ko mummuna. Ɓarawon da ya tsallaka katangar barikin soja ya yi jan hali, haka ma matar da ta riƙe marayu biyar da sana'ar ƙosai. Fari da baƙi suna yanke hukunci, ja kuwa ƙarfi take aunawa. Tushen wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa a maƙera. Ƙarfe baƙi ne yana sanyi, in zuga-zugi ya yi aikinsa sai ya yi jaja-jaja, sannan ya yi ja, sannan ya yi jawur, kuma a lokacin ne maƙeri ke ɗora shi a kan uwar maƙera. 'Ya'yan itace ma da ja suke shelar sun nuna. Ja a tunanin Bahaushe alamar abin da ya kai ne.

Ido shi ne inda launin da ma'anar suke haɗuwa. In an ce idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, jimlar ba ta faɗi dalili ba. Yana iya zama kuka, ko fushi, ko rashin barci, ko hayaƙin ɗanyen itace, ko shaye-shaye, ko ciwon nan mai yaɗuwa da ake kira afolo, wanda ya samo suna don ɓullarsa a Gana a 1969 ta zo daidai da saukar kumbon Apollo a duniyar wata. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun yi amfani da wannan jimla har ta kusa gajiya, amma dalilin da ya sa suke komawa gare ta a fili yake. A al'adar da ke yaba kunya da kawaici, inda babba ba ya kuka a gaban yara, matar gida kuma ba ta ɗaga murya gaban surukai, ido ne ke tona abin da baki ya rufe. Daga nan aka samu jan ido, wato nuna wa mutum fuskar da ba wasa. Uba kan yi wa yaro jan ido, mai bin bashi kan yi wa wanda ya ci masa kuɗi, kuma akan ce wani aiki sai da jan ido, in lallashi ya ƙare.

Zamani ya ƙara wa kalmar wata ma'ana da ba ta da ita sosai a da, ta hani da haɗari. Fitilar kan titi, wadda direbobi ke kira danja, in ta nuna ja tsayawa ake yi. Malamin makaranta da jan biro yake gyara, har ɗalibi kan ce littafinsa ya sha ja. Jan kati, wanda aka fara amfani da tsarinsa a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, ya fita daga filin ƙwallo ya shiga siyasa da zance, ana ba ɗan takara jan kati, budurwa ma takan ba saurayi. Ma'aikatan lafiya suna maganar jajayen ƙwayoyin jini, kuma igiyar da ake auna damtsen yaro da ita, in ta faɗa kan ja, tamowa ta yi tsanani. 'Yan jarida sun kawo jan layi, wanda ya faɗo daidai kan tsohuwar mahaɗar nan ta kalmomi biyu: mai karanta labarai yana iya nufin layi mai launin ja da ba a tsallakewa, mai sauraro a Ashige kuma ya ji an ja layi a ƙasa, kamar yadda yara ke yi kafin kokawa. Ba duk abin waje ne ya karɓi kalmar ba. Tekun da alhazai ke ƙetarewa zuwa Jidda, wanda Larabawa da Turawa duk suke kira da sunan ja, a Hausa Bahar Maliya ne.